Rage Nauyin Hoto Ba Tare da Ɓata Kamanninsa Ba: Nazari Domin Masu Bincike a Kudancin Kano

1.0 GABATARWA

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Saboda haka ne ɗalibin da aka tura ƙauye neman bayanai game da wata sana'a, ko wata al'ada, ko wani tsohon rubutu, ba ya wadatuwa da abin da ya ji daga bakin dattawa, sai ya haɗa da hoto. A da can, wanda ya sami kyamara da fim guda mai ɗaukar hoto 36 ya yi babbar sa'a, kuma sai ya jira an wanke kafin ya san abin da ya kamo. Tun bayan da wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, daga bisani kuma aka sami wayoyi masu kyamara, ɗaukar hoto ya daina zama abin wahala. Wahalar ta koma wajen adana shi da aika shi.

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora a ƙasar Ƙiru, ta ratsa Tudun Wada, ta keta dajin Falgore zuwa Doguwa, ya san akwai wuraren da layin waya kan yi rauni, wani lokaci ma ya ɗauke. Ɗalibin da ya ɗauki hotunan wani kundin Ajami a can, yana so malamin da ke duba aikinsa ya gani, yakan tarar da ɗayan biyu: ko dai hoton ya yi nauyi ya ƙi tafiya, ko kuma ya tafi amma ya isa a dishe, har ba a iya bambanta ɗigo da datti. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana abin da ke sa hoto nauyi, da hanyoyin da masana suka ƙirƙiro na rage nauyin, da kuma iyakar da mai nazarin harshe da adabi bai kamata ya ƙetare ba wajen ragewar.

2.0 ABIN DA KE SA HOTO NAUYI

Hoton da waya ko kwamfuta ke nunawa tarin ƙwayoyi ne ƙanana, a jere sahu-sahu kamar shuka a kan kunya. Kowace ƙwaya tana da launi guda tak. Na'ura kuwa ba ta san launi ba sai lamba, saboda haka takan rubuta wa kowace ƙwaya lambobi uku: yawan ja, da yawan kore, da yawan shuɗi da aka gauraya a cikinta. Kowace lamba tana tsakanin 0 da 255, kuma takan ci gurbi guda na ma'ajiyar na'ura, wanda ake kira bait. Da waɗannan lambobi uku ana iya samar da launi 16,777,216. Bait 1,000 shi ne kilobait, kilobait 1,000 shi ne megabait, megabait 1,000 kuwa shi ne gigabait.

Hoton farko da aka shigar cikin kwamfuta ta hanyar na'urar kwafe hoto, wanda Russell Kirsch ya yi na jaririn ɗansa a Amurka cikin 1957, ƙwaya 176 ne a tsaye, 176 a kwance. Kyamarar da Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak cikin 1975 kuwa, ƙwaya 10,000 take ɗauka, baƙi da fari, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta gama rubuta hoto guda a kan kaset. A yau waya mai matsakaicin kuɗi tana ɗaukar hoto mai ƙwaya 4,000 a kwance da 3,000 a tsaye, watau ƙwaya miliyan 12. Idan aka ba kowace ƙwaya bait 3, hoto ɗaya ya zama megabait 36 ke nan.

Domin a ga abin da wannan ke nufi, a ƙaddara layin waya ya yi rauni har ba ya tura fiye da kilobit 100 a daƙiƙa, bit 8 kuwa su ne bait guda. Hoto mai megabait 36 zai ci minti 48 kafin ya isa. Idan aka matse shi ya koma megabait 4, zai ci minti 5 da 'yan daƙiƙu. Idan kuwa ya koma kilobait 300, daƙiƙa 24 sun ishe shi. Haka lissafin yake a wajen rubutu. Shafin takarda mai faɗin santimita 21 da tsawon 29.7, idan aka kwafe shi da ƙwaya 300 a kowane inci, zai ba da ƙwaya 2,480 sau 3,508, watau kimanin megabait 26. Kundi mai shafi 200 ya haura gigabait 5 ke nan.

3.0 MATSI IRI BIYU

Rage nauyin hoto shi ake kira matsi, kuma ya kasu kashi biyu. Akwai matsi marar asara, akwai mai asara. Na farko ya yi kama da dilar auduga: an danne ta ta ƙanƙance, amma ranar da aka kwance ba a rasa ko zare guda ba. Na biyu kuwa ya yi kama da tumatirin da manoman rani da ke shan ruwan madatsar Tiga kan yanka su shanya idan kasuwa ta faɗi. Ya rage nauyi ƙwarai, yana kuma yin miya, amma babu jiƙon da zai mayar da shi ɗanye.

3.1 Matsi Marar Asara

Tushen wannan matsi shi ne maimaici. Idan sahu guda na farar takarda yana da ƙwaya 2,000 duk farare, ba a bukatar rubuta lambar fari sau 2,000, sai a ce "fari, sau 2,000". Claude Shannon ne ya kafa harsashin wannan ilimi cikin 1948, inda ya nuna cewa kowane saƙo yana da iyakar da za a iya taƙaita shi ba tare da an yi asarar komai ba, kuma iyakar ta danganta ne da yadda ake iya hasashen abin da zai biyo baya a cikin saƙon.

Cikin 1951, wani ɗalibi mai suna David Huffman a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, malaminsa Robert Fano ya ba su zaɓi tsakanin zama jarrabawa da rubuta takarda a kan hanya mafi taƙaici ta wakiltar saƙo da lambobi. Huffman ya zaɓi takardar, ya kuma gano hanyar da ta fi ta malaminsa, aka buga ta cikin 1952. Hikimar ita ce a ba abin da ya fi yawan aukuwa gajeriyar alama, wanda ba safai yake zuwa ba kuma a ba shi doguwa. Mai nazarin Hausa ba zai yi mamakin wannan ba, domin harshe ma haka yake yi: kalmomin da suka fi yawo a baki, irin su "da", "na", "ta", "a" da "ba", gaɓa ɗaya ce gare su, alhali kuwa irin su "tsattsauran" da "murƙushewa" ba kullum ake bukatarsu ba.

Abraham Lempel da Jacob Ziv sun ƙara wata dabara cikin 1977 da 1978, watau idan jerin lambobi ya sake dawowa, sai a yi nuni zuwa inda ya fara bayyana maimakon a sake rubuta shi. A kan irin wannan dabara aka gina tsarin GIF na 1987, wanda ba ya ɗaukar fiye da launi 256, da kuma tsarin PNG na 1996. PNG ya dace da taswira, da jadawali, da zanen bishiyar li'irabi, da duk wani abu mai shimfiɗaɗɗen launi da kaifin layi. Amma a hoton da kyamara ta ɗauka da wuya a sami ƙwayoyi maƙwabta masu lamba ɗaya sak, saboda haka matsi marar asara ba ya cika rage fiye da kimanin rabin nauyinsa.

3.2 Matsi Mai Asara

A nan ana zubar da wani abu ne da gangan, bisa dogaro da cewa ido ba zai lura ba. Misali mafi kusa ga ɗalibin Hausa shi ne rubutun boko kansa. Ƙa'idar rubutun Hausa ba ta nuna karin sauti, ba ta kuma nuna tsawon wasali. "Gari" na mazaunin mutane da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya ne, ko da yake furucinsu ya bambanta. An yar da wani ɓangare na bayanin, an bar wa mai karatu ya cike gurbin daga muhallin magana, kuma galibi yakan cike daidai. Sai dai wanda ya tsinci kalmar ita kaɗai a kan takarda ba shi da hanyar sanin wadda ake nufi. Amfanin matsi mai asara da haɗarinsa duka suna cikin wannan misali.

4.0 YADDA JPEG KE AIKI

Mafi yawan hotunan da wayoyi ke ɗauka suna cikin tsarin JPEG ne. Sunan na kwamitin ƙwararru ne da aka kafa cikin 1986, wanda ya fitar da tsarin cikin 1992. Aikinsa hawa huɗu ne.

Hawa na farko, akan raba haske da launi. Idon ɗan Adam ya fi kaifi wajen gane bambancin haske da duhu a kan bambancin launi, abin da masu talabijin mai launi suka yi amfani da shi a Amurka tun 1953. Saboda haka akan bar wa kowace ƙwaya lambar haskenta, amma ƙwayoyi huɗu maƙwabta su yi tarayya a lambobin launi biyu. A maimakon lamba 12, sai a sami 6. Rabin nauyi ya tafi ke nan tun kafin a shiga ainihin matsin.

Hawa na biyu, akan yanka hoton gida-gida, kowane gida ƙwaya 8 sau 8, watau 64. Sa'an nan a yi wa kowane gida wani lissafi da Nasir Ahmed, haifaffen Bangalore ta Indiya, ya fara tunaninsa cikin 1972 yana Jami'ar Jihar Kansas, ya kuma buga shi tare da T. Natarajan da K. R. Rao cikin Janairun 1974. Lissafin yana sake fasalin lambobin 64 ne. Ta farko ta zama matsakaicin hasken gidan baki ɗaya, masu bi mata su nuna sauyin haske na sannu-sannu, na ƙarshe kuma su nuna ƙananan zane-zane masu saurin canzawa. Ya yi kama da yadda masaƙi zai kwatanta zane: ya fara da launin ƙasan, sa'an nan manyan ratsi, sa'an nan ƙananan.

Hawa na uku shi ne inda asarar take. Akan raba kowace lamba da wani adadi, a yar da ragowar. Lambobin ƙananan zane akan raba su da babban adadi, har yawancinsu su koma sifiri. Ma'aunin inganci da manhajoji ke nunawa, daga 1 zuwa 100, girman wannan adadi yake sarrafawa. Hawa na huɗu kuwa, akan tattara sifirorin nan a taƙaita su, a bi sauran da dabarar Huffman. Da haka hoto kan koma kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa ba tare da ido ya ga wani bambanci na a zo a gani ba.

Daga wannan bayani za a fahimci dalilin da ya sa hotuna biyu masu yawan ƙwaya ɗaya ba su yin nauyi ɗaya. Hoton madatsar Tiga da ke ƙasar Bebeji, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974, rabinsa sararin sama ne rabinsa shimfiɗar ruwa, gidajensa ba su da ƙananan zane, don haka yakan matsu ƙwarai. Hoton kurmin Falgore da damina kuwa, ko na gonar masara a Doguwa, ko na duwatsun Riruwai, kowane gida cike yake da ganye da inuwa da tsaga, saboda haka yana iya ninka na Tiga nauyi. Haka kuma za a gane alamomin hoton da aka matse fiye da kima: gidajen nan na 8 sau 8 sukan fito fili kamar tubala, sararin sama yakan rabu ratsi-ratsi, gefen haruffa kuma yakan yi wani hazo kamar taron sauro.

5.0 SABABBIN TSARE-TSARE

Bayan JPEG an sami wasu. JPEG 2000, wanda ya fito cikin shekarar da sunansa ya nuna, ba ya yanka hoto gida-gida, kuma wasu manyan ɗakunan karatu suna amfani da shi wajen adana kwafen littattafai, sai dai bai karɓu wurin jama'a ba. Kamfanin Google ya fitar da WebP cikin 2010, ya kuma bayyana cewa yana rage kashi 25 zuwa 34 cikin ɗari a kan JPEG mai inganci iri ɗaya. Wayoyin Apple sun koma ga HEIC cikin 2017, AVIF kuma ya fito cikin 2019. Duka sun fi JPEG iya matsi, amma ba kowace tsohuwar kwamfuta ce ke buɗe su ba, kuma shafukan rajista da yawa JPEG suke nema. Mai kai hoto shagon buga takardu a Tudun Wada ko Bebeji zai fi samun kwanciyar hankali idan ya riƙe JPEG, wanda babu na'urar da ba ta san shi ba.

6.0 HAƊARIN MATSI GA RUBUTU

An tsara JPEG ne domin fuskoki da shimfiɗar ƙasa, inda ɓacewar ganye guda ba ta canza komai. Rubutu kuwa ma'anarsa takan rataya ne a kan ƙananan alamomi, su ne kuma abin da matsi ke fara zubarwa. A boko, lanƙwasar da aka shigo da ita cikin shekarun 1930 ita ce kaɗai ta raba "kafa" da "ƙafa", da "baki" da "baƙi", da "bari" da "ɓari", da "daka" da "ɗaka". A hoton tsohuwar jarida irin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa cikin Janairun 1939, lanƙwasar nan ba ta wuce 'yan ƙwayoyi ba, kuma matsi mai tsanani yana iya shafe ta ko ya haɗe ta da jikin harafin.

A Ajami abin ya fi haka tsanani. Ba da ta da nun da ya, a farkon kalma ko tsakiyarta, jikinsu ɗaya ne, ɗigo ne ya raba su. A salon rubutun Magariba da malaman ƙasar Hausa suka gada, fa ɗigonta guda a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo guda a sama. Yamala, wadda ke ba da sautin "e", ita ma ɗigo ce a ƙarƙashin harafi. A tsohuwar takarda da ta sha hannu, ga ɗigon tawada, ga kashin ƙuda, ga hudar gara, mai karatu yana bukatar ya ga kaifin kowanne kafin ya yanke hukunci. Bugu da ƙari, a rubutaccen Alƙur'ani na hannu akan sa wasali da jar tawada, hamza da rawaya, alamar sadarwa kuma da kore. An riga an ga cewa hawan farko na JPEG launi yake ragewa. Siririn jan wasali a kan takarda mai ruwan ƙasa yana cikin abubuwan da wannan ragi ya fi cutarwa, domin yakan baje ya dushe alhali baƙin harafin yana nan da kaifinsa. Idan kuma aka mayar da shafin baƙi da fari don neman sauƙi, an shafe bambancin tawadar gaba ɗaya.

Akwai abin da ya fi dishewa muni, watau hoto ya fito tas amma da kuskure a ciki. Cikin 2013 wani Bajamushe masanin kwamfuta, David Kriesel, ya kwafi taswirar gini da wata na'urar kamfanin Xerox, sai ya lura lambobin faɗin ɗakuna sun canza. Bincike ya nuna na'urar tana amfani da wani matsi mai suna JBIG2, wanda kan adana siffar harafi sau ɗaya, ya riƙa manna ta duk inda ya ga mai kama da ita. A ƙananan rubutu sai ya riƙa ɗaukar 6 a matsayin 8. Kamfanin ya amsa matsalar, ya fitar da gyara. Na'urar da ta kasa raba 6 da 8 ba za a amince mata ta raba "k" da "ƙ" ba, balle fa da ƙaf. Wanda ya karanta irin wannan kwafi zai kafa hujja a kan kalmar da marubucin bai taɓa rubutawa ba, kuma babu alamar da za ta faɗakar da shi.

7.0 HANYAR DA TA DACE

Masu adana kayan tarihi suna da ƙa'ida guda: uwa daban, 'ya'ya daban. Uwa ita ce hoton asali, wanda ba a taɓa shi, ba a rage shi. 'Ya'ya kuwa su ne ƙananan kwafe da ake cirowa daga gare ta domin aikawa ko sakawa cikin kundin digiri. Shirin ceto takardun da ke cikin haɗari na Ɗakin Karatun Birtaniya, wanda aka fara cikin 2004, wanda kuma ya tallafa wa ayyuka a Arewacin Nijeriya, yana neman uwar a tsarin TIFF ne, sa'an nan ya ciro masu sauƙi domin masu karatu ta intanet. Ɗalibi mai waya kaɗai ba zai sami TIFF ba, amma zai iya bin ƙa'idar kamar haka:

(a) Gyara tun daga ɗauka. Hoton da aka ɗauka cikin duhun zaure yakan cika da ƙura-ƙuran launi, na'ura kuwa ba ta san ƙura ba ce, sai ta adana ta kamar zane, hoton ya yi nauyi ba amfani. A nemi izinin mai kundi a fito da shi inuwa mai haske, a shimfiɗa shi a kan baƙin ƙyalle marar ado maimakon tabarma, a kashe fitilar kyamara, a sa shafin ya cika fuskar wayar, a kuma saita ta a kan inganci mafi girma.

(b) Adana uwa a wuri biyu. Da zarar an dawo masauki a kwafe hotunan zuwa katin ajiya ko kwamfuta ta waya mai igiya, a ba kowanne suna mai nuna gari da kundi da lambar shafi. Waya takan faɗa ruwa, takan kuma ɓata a kasuwa.

(c) Yanke gefe, sa'an nan rage ƙwayoyi. Wannan ya fi kowace dabara rage nauyi. Idan aka raba tsawo da faɗi biyu, ƙwayoyin sun koma kashi ɗaya cikin huɗu. Hoto mai 4,000 sau 3,000 da aka mayar 1,600 sau 1,200 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin shida, kuma ya isa kallon maƙera ko masaƙa ko filin dambe a fuskar kwamfuta. Shafin rubutu kuwa ba a rage shi sai an buɗe ƙaramin harafin da ke cikinsa an tabbatar ɗigonsa na nan.

(d) Zaɓen ma'aunin inganci. Ga hoton mutane da wurare, tsakanin 75 da 85 yakan wadatar. Daga 90 zuwa 100 nauyi yakan hau da sauri alhali ido ba ya ganin ƙarin kirki. Ga rubutu mai jar tawada a tsaya a 90 ko sama, a kuma hana rage launi idan manhajar ta ba da dama, kamar yadda GIMP, wadda kyauta ce, take bayarwa. Lambar nan ba kashi cikin ɗari ba ce, kuma 80 na wata manhaja ba lalle ya zama 80 na wata ba, don haka ido ne alƙali.

(e) Matsi sau ɗaya. Duk lokacin da aka buɗe JPEG aka gyara aka sake adanawa, an sake zubar da wani abu, kamar kaset ɗin da aka kwafa daga kwafi. In ana son wani girman daban a koma ga uwa. Ɗaukar hoton fuskar waya domin a sami kwafi shi ma yana rage ƙwayoyin zuwa na fuskar.

(f) Lura da hanyar aikawa. WhatsApp yakan rage hoton da aka tura a matsayin hoto, yakan kuma cire bayanan da kyamara ta liƙa masa, irin su ranar ɗauka da wurin. Cikin 2023 ya ƙara zaɓin turawa da inganci mafi kyau, amma shi ma da matsi a ciki. Wanda ke son shafi ya isa yadda yake sai ya tura shi a matsayin takarda. Abin da ya fi shi ne ɗalibi ya rage hoton da kansa gwargwadon bukata, sa'an nan ya tura shi a matsayin takarda, domin ya san abin da ya zubar.

Wannan ilimi yana da amfani har a wajen bincike. Shafukan neman gurbin karatu da na aikin gwamnati sukan ƙayyade nauyin hoton fasfo, sau da yawa 'yan kilobait kaɗan, kuma akan ga masu shago suna ta danne ma'aunin inganci har fuskar yaro ta koma tubala. Hoto mai milimita 35 sau 45, a ƙwaya 300 kowane inci, ƙwaya 413 sau 531 kawai yake bukata. Idan aka fara yanke shi aka mayar da shi wannan girma, a gaban farin bango, zai sauko zuwa 'yan gomiyoyin kilobait da kamanninsa cikakku.

8.0 KAMMALAWA

An ga cewa nauyin hoto daga yawan ƙwayoyinsa yake, kuma ana rage shi ne ko dai ta taƙaita maimaici, ko ta zubar da abin da ido ba ya kula da shi. An kuma ga cewa abin da ido ba ya kula da shi a hoton daji, shi ne kan gaba a shafin rubutu, watau lanƙwasa da ɗigo da jan wasali. Kundayen da ke cikin gafakar malamai a Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa takarda ce, gara da ɗigar ɗaki da gobara ba su bar ta ba, kuma magada ba kullum suke sake buɗe wa baƙo abin da suka buɗe masa sau ɗaya ba. Yana yiwuwa hoton da ɗalibi ya ɗauka yau ya zama shi kaɗai ne abin da zai saura na wani shafi. Saboda haka ya kamata sassan Hausa su sa wannan cikin darasin dabarun bincike, su kuma riƙa karɓar hotunan asali tare da kundin ɗalibi su adana, yadda na baya zai iya buɗe shafin ya ƙirga ɗigon da kansa.